Saniyata da Kwamfutar Maigatari

Ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, na riƙe igiyar saniyata tun hantsi har tafin hannuna ya yi ja, ban yarda na miƙa wa kowa ba. A kasuwar dabbobi in ka saki igiya ciniki ya faɗa, babu komawa.

A shekarar 1998 ne. Maigidana Barau yana shekarar ƙarshe ta karatun zanen gine-gine a Kano lokacin da babur ya kayar da shi a hanyar Gagarawa. Ƙashin ya ɗoru, amma yatsun hannunsa na dama suka daina riƙe alƙalami. Wata uku yana zaune a gida a Gumel, kullum yana gwada jan layi ɗaya da hagu, yana yaga takarda. Daga baya malaminsa ya aiko da saƙo cewa za a karɓi aikinsa na ƙarshe ko da a kwamfuta ya zana, in dai ya kawo kafin ƙarshen zango. In ya wuce, shekara biyar ta tafi a banza. Ya haɗo da ƙananan faya-fayai goma sha biyu da ke ɗauke da tsarin zanen, da gargaɗi ɗaya: ba kowace kwamfuta ce ke iya ɗaukarsa ba, a gwada kafin a saya.

Abin sayarwa ɗaya gare mu, saniyar da mahaifiyata ta bar min. Madararta 'yata Muhsina take sha tun da nonona ya ƙafe tana wata bakwai. Barau ya ce kada na taɓa ta. Na ce masa na ji, na kuma aika wa Kawu Ubale, ƙanen mahaifiyata, wanda dillalin shanu ne. Na roƙi maƙwabciyarmu Anti Agnes, mai buga takardu a sakatariya, ta raka ni, don ita kaɗai na sani da ta taɓa kunna kwamfuta.

Mai kayan wani mutumin Damagaram ne, Anas, da ke shigo da tsofaffin rediyo da firji daga Kwatano. Kwamfuta biyu gare shi a bayan rumfa. Ɗaya doguwa, fara tas. Ɗaya gajeriya, ta yi launin tsohon haƙori, gefenta a tsage an ɗaure da waya.

Kawu ya ɗaga farar ya ji nauyinta, ya bubbuga mata baya. "A'i, ga kaya. Waccan kuwa ko kyauta aka ba ni sai na yi shawara. Kawo igiyar, mai sayen saniya motarsa da la'asar za ta tashi."

"Kawu, sai an kunna."

"Da me? Kin ga wuta a kasuwar nan?"

"Kai ka taɓa saya wa wani saniya ba ka buɗe bakinta ba?"

Ya kalli Anas ya ce, "Ka ji 'yar yau. Ni na goya ta, yanzu ita ke koya min dillanci." Amma shi ya je ya roƙo mai wankin hoto ya ara mana ɗan injin wutarsa. Mai hoton ya ce inji kyauta, man fetur namu. Lokacin ana wahalar mai, kwalba ɗaya tak na samu a bakin tasha.

Na ciro faya-fayan daga cikin kwanon shan da na rufe su saboda rana. Kawu ya dage a fara da farar. Anti Agnes ta riƙa sa faifai tana cirewa, injin yana ƙugi, ni ina kallon mai yana sauka. Muhsina ta farka a bayana tana kuka, na jijjiga ta da hannu ɗaya, ɗayan yana kan igiya. Bayan faifai na goma sha biyu gilashin ya nuna layi ɗaya na rubutu ya tsaya.

"Maman Muhsina," in ji Anti Agnes a hankali, "ta ce ba ta da abin da ke yin lissafin zanen. Jiki ne kawai."

Anas ya ce a Turai da ita ake zana jirgin sama. Anti Agnes ta ce to ya mayar musu su ci gaba.

Aka kira sallar la'asar. Direban motar shanu ya aiko sau biyu. Kawu ya sunkuyo ya ce, "Ki ɗauki ƙaramar a haka, ko ki koma gida da saniyarki. Mai ba zai kai ba." Na leƙa tankin, abin da ya rage bai fi a jiƙa tsumma ba. In na saya a makance ta ƙi, mun rasa madarar Muhsina mun rasa karatun ubanta rana ɗaya. In na koma da saniya, zan ci gaba da share yagaggun takardu kowace safiya.

Na kwance Muhsina na miƙa wa Kawu, na ja saniyata har wajen wani ɗan acaɓa da ke shan rake a inuwa. Na durƙusa a gabansa cikin jama'a, abin da ban taɓa yi wa baƙo ba, na roƙe shi ya zuƙo min mai daga tankin babur ɗinsa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya nemi tiyo.

Ƙaramar ta yi ƙara kamar ana niƙa gero. Faifai na tara ya ƙi, Anti Agnes ta hure shi ta mayar, ya karɓa. Da na ƙarshe ya shiga, gilashin ya yi baƙi, sai ga wasu fararen layuka biyu sun gitta juna. Ta motsa ɗan abin hannun, ta ja layi, ta sake ja, har ta rufe ɗaki mai kusurwa huɗu. Layukan a miƙe suke, babu rawa ko kaɗan. Injin ya yi tari ya mutu.

"Abu ɗaya," in ji ta. "Allon haruffan na Faransa ne, ba a jeren da aka saba suke ba."

Na ce, "Ai da ma da hagu Barau zai koya. Duk sabo ne a wajensa."

Kawu ya miƙo hannu. Na ce ya dakata. Na zazzage faya-fayan cikin gyalena, na ɗauraye kwanon da ruwan buta, na tsuguna a bakin motar shanu na tatse saniyar. Rabin kwano ta ba ni, don tun safe ba ta ci komai ba. Sannan na ba shi igiyar.

A motar Gumel kwamfutar na kan cinyar Anti Agnes, ni ina riƙe da kwanon da hannu biyu kada ya zube. Madarar za ta ishi Muhsina zuwa gobe da safe. Ta jibi ban san inda zan samo ba tukuna.