Shafi na Sittin da Ɗaya

"A tsayar da injin nan!" in ji Ja'afaru, ya miƙe tsaye har inuwarsa ta rufe rabin farin ƙyallen da ke bango. "An yanke fim ɗin nan."

Aka kunna fitila. Su shida ne a ɗakin gwajin fim na ma'aikatarsu, da hantsin ranar Talata, an tara su su kalli *Rijiyar Tagulla* kafin a ɗora shi a motocin majigi a zaga da shi ƙauyuka. Biyar sun riga sun sa hannu a takardar amincewa tun fim bai ƙare ba. Haka suke yi kullum. Ɗaya ma gyangyaɗi yake.

Malam Balarabe, shugaban sashen, ya zare tabarau. "Me aka yanke, Ja'afaru?"

"Ƙarshen, ranka ya daɗe. A littafin da aka ɗauko labarin, yaron nan Lawan ba ya durƙusa wa Sarkin Aljanu. Tulun da sarkin ya kulle ruwan sama a ciki yake fasawa, sarkin ya koma ƙadangare, shi kuma ya hau igiya ya komo wurin uwarsa. A nan kuwa an nuna ya faɗi ya yi gaisuwa, an ba shi riga, ya zauna a ƙarƙashin rijiya har ya manta sunan garinsu. Wannan za mu kai wa manoma? Su koyi durƙuso?"

"Kana nufin wa ya yanke?"

"Wa ke riƙe da makullin ɗakin faifai?"

Mai gyangyaɗin ma ya farka. Malam Balarabe ya mayar da tabarau a hankali.

"To. Ka kawo mini littafin kafin ƙarfe biyu, ka nuna mini shafin. In ka nuna, ni zan bar kujerar nan. In ba ka nuna ba, ka san inda ake tura masu bakin da ya fi aikinsu."

Kafin ya fita sai da Ja'afaru ya zauna ya buga takardar ƙara zuwa ga babban sakatare, shafi biyu, ya ninke ta a aljihu. A kan babur yana ta haɗa abubuwa. Ba Malam Balarabe ne ya yi sati biyu a wurin masu haɗa fim ɗin ba? Ba shi ne ya ce a rage fitilun ɗakin tun kafin a zauna ba? Har gaisuwar da ya yi masa da safe, yanzu ya ga akwai wani abu a cikinta.

Littafin na ƙasan akwatinsa a gidansa da ke unguwar Kinkinau, bangonsa ya yi laushi kamar tsumma. Ya karanta shi ya fi sau ashirin tun yana aji uku. A tsaye ya buɗe shi. Ga Lawan yana sauka rijiya. Ga kasuwar aljanu inda ake sayar da inuwa. Ga tulun. Shafi na sittin ya ƙare da *sai Lawan ya miƙa hannu*, daga nan sai bango.

Ya san da haka. Tun yana yaro shafukan ƙarshe babu su, bai taɓa damuwa ba, don ya haddace su. Yau ne kawai ya dubi wurin da kyau. Ba cin gara ba ne, ba ruwa ba. An bi gindin takardun da reza, a miƙe, kamar aikin tela.

Ya nufi unguwar Badarawa.

Yayarsa Turai na kan keken ɗinki a zaure, bakinta da allurai biyu. Ba ta ɗago ba.

"Lafiya, Malam Gwamnati, da tsakar ranar aiki?"

"Yaya, ke kika fara karanta mini littafin nan. Ki faɗa mini yadda ya ƙare. Ina son shaida."

"Kotu za ka kai shi?"

Ya ba ta labarin duka, har da ƙarfe biyu. Tun yana tsakiya keken ya tsaya. Ta cire alluran daga bakinta ta soka su a gefen zane.

"Ka ce wa mutumin ɓarawo a gaban mutane?"

"Ban ce ɓarawo ba. Na ce makulli."

"Ja'afaru, kana tuna lokacin da ka yi ƙyanda?"

"Me ya kawo ƙyanda?"

"Kwana tara idonka a rufe. Inna ta daina shiga ɗakin sai da kuka. Ni aka bari, ina karanta maka don ka daina kiran sunan Baba. Na zo ƙarshen, na leƙa gaba, na ga yaron ba ya komowa gida. Ya zauna can ƙasa, uwarsa na bakin rijiya tana jira." Ta shafa zanen da ke gabanta. "Kai kuma kana ta tambayata, Yaya, ya fito? Yaya, ya fito? To me zan ce maka?"

Ja'afaru ya dubi littafin da ke hannunsa.

"Sai na fasa tulun. Ƙadangaren ma a katanga na gan shi, na sa shi ciki. Da ka warke ka fara neman littafin da kanka, na ɗauki rezar Baba."

"Ke kika yanke."

"Ni na yanke. Na ɗauka in ka girma za ka ga wani a kanti ka gane. Ashe kai ba ka karanta na kowa sai naka."

Ya zauna a kan buhun ƙyallaye. Shekara goma sha shida yana gardama da mutane da wannan ƙarshen. Da shi ya tsaya a gaban shugaban makarantarsu ranar da aka ba su abinci mai tsutsa. Da shi ya ƙi cire takalmi a ƙofar ofishin kowa. Ya dubi agogo: ɗaya da kwata.

"Yanzu sai ka je ka ba shi haƙuri," in ji Turai. "Ka durƙusa in ta kama. Ba za ka koma ƙadangare ba."

"Zan je. A gaban sauran duka zan ba shi."

Amma bai tashi ba. Ya zaro takardar ƙarar daga aljihu, ya warware ta, ya juya bayanta inda babu rubutu, ya ɗora a kan littafin. Ya cire murfin alƙalami, ya rubuta *61* a sama.

"Akwai sauran minti arba'in da biyar. Fara daga inda ya miƙa hannu."

"Kai, na manta."

"Ni ban manta ba. In kin kauce zan gyara miki."

Turai ta dube shi, ta dubi rigar da mai ita za ta zo karɓa da la'asar. Sai ta janye ƙafarta daga kan keken.