Kafaɗun Humaira

A gidan suna aka fara maganar. Mata na zaune a tsakar gida ana rabon waina, Humaira ta wuce da tulun ruwa a hannu, sai wata tsohuwa mai suna Iya Bilkisu ta bi bayanta da kallo, ta karkato wajen uwar yarinyar.

"Maijidda, yarinyar nan taki ba bayan marigayiya Amsa take ɗaukowa ba kuwa?"

Iya Bilkisu irin mutanen nan ne da ba sa iya ganin abu su haɗiye. Ta faɗa ta ci gaba da cin wainarta, ita kuwa Maijidda ko loma ɗaya ba ta ƙara ba. Amsa yayar mijinta ce. Tana budurwa ciwo ya kama mata ƙashin baya, ta yi doro, ta ƙare rayuwarta tana kallon ƙasa. Duk ƙauyen an san ta, kuma duk wanda ya san ta ya san irin wahalar da ta sha.

Da suka koma gida Maijidda ta zauna tana nazarin 'yarta kamar yau ta fara ganinta. Humaira, mai shekara sha tara, ta ɗauko hular da take ɗinkawa ta zauna a gindin darbejiya, ta duƙa a kan allura da zare yadda ta saba tun safe har la'asar. Kafaɗunta sun zubo gaba, wuyanta ya miƙe kamar na kaza mai neman tsaba, bayanta ya yi ƙobobo. Ga shi dama ta daɗe tana kukan ciwo tsakanin kafaɗu, ana ce mata gajiya ce. Tsoro ya kama Maijidda sosai, har ta shiga ɗaki ta yi kuka.

Maigidan, Malam Zaharaddini, ya ce a kira wanzami ya yi mata ƙaho, ƙila mataccen jini ne. Aka yi. Bayan yarinya ya cika da tabo, ciwon yana nan, kafaɗun ma suna nan inda suke. Sannan aka yarda a tafi asibiti.

Ranar kasuwar Ɗambatta suka bi hanyar cikin gero, wanda ya yi tsawo har ya rufe katangun gidaje, suka fito titi suka hau bas. A asibiti aka ɗauki hoton ƙashi, aka tura su sashen gashin ƙashi, wajen wata ma'aikaciya mai suna Sakinatu. Mace ce mai fara'a da saurin magana. Ta ɗaga hoton ta duba, ta sa Humaira ta sunkuya ta ɗago, ta kwantar da ita a gado, sai ga baya ya miƙe sarai.

"Inna, ki kwantar da hankalinki," in ji Sakinatu. "Mai doro ko an kwantar da shi ba ya miƙewa. Ƙashinta lafiya ƙalau. Naman ƙirjin ne ya ɗaure, na bayan kuma ya yi sanyi, saboda yawan duƙawa."

Maijidda ta ce, "Ki rantse."

Sakinatu ta yi dariya. "Ba sai na rantse ba, ga hoto." Ta juya ga Humaira. "Ɗinkin hula kike? Na gane. Amma tun yaushe kike tafiya a haka?"

Humaira ta saci kallon uwarta, ta yi ƙasa da murya. "Tun da na fara girma. Inna ta ce in daina tafiya ina turo ƙirji kamar soja, 'ya mace tattare jikinta take yi."

"To ai haka aka koya mana," in ji Maijidda, ba tare da ko ɗar ba. "Ni ma haka tawa uwar ta ce mini."

Kuma gaskiyarta. A wajenmu da zarar yarinya ta fara zama mace, kafin a saya mata hijabi an koya mata naɗe kafaɗu. Wadda ta fi ranƙwafawa ita ake yabo da kunya. Ba wanda ya taɓa zama ya yi tunanin cewa jiki yana riƙe abin da aka koya masa.

Sakinatu ba ta ja maganar ba. Ta nuna wa Humaira abin da za ta riƙa yi safe da yamma. Ta tsaya a bakin ƙofa ta dafa gefe da gefe, ta tura jiki gaba har sai ta ji ƙirji yana buɗewa. Ta kama gyale da hannu biyu ta ja shi kamar za ta yaga, tana matse allunan kafaɗa. Ta jingina da bango, diddige da ƙeya duk su taɓa, ta ja haɓa ciki, ta riƙa zame hannuwa sama da ƙasa. Ɗinki kuma kada ta bari, sai dai ta ɗora matashi a cinya ya ɗago mata hular, tana yi tana tashi.

A hanyar dawowa Maijidda ta yi hamdala har bakinta ya gaji. Duk wanda suka gamu da shi sai ta tsayar da shi ta ce ba doro ba ne, har da waɗanda ba su san ana zargin doron ba.

Wahalar a gida ta ɓullo. Da safe Humaira ta dafa ƙofar ɗaki ta banƙaro ƙirji yadda aka ce, sai ga Malam Zaharaddini ya shigo daga gona da fartanya a kafaɗa. Ya tsaya, ya yi gyaran murya, ya juya ya koma zaure kamar ya manta wani abu. Humaira ta faɗa ɗaki don kunya, ta ce ita ta fasa, gara ciwon.

Nan ne Maijidda ta nuna halinta. Ta bi mijin har zaure ta ce masa, "Malam, magani ne. In ka shigo ka gani, ka kalli rumbu." Ta dawo ta fito da 'yar da hannunta. Da Iya Bilkisu ta leƙo ta kan katanga ta ce wannan wane irin rashin ta-ido ne, Maijidda ta ce mata ai ita ta fara ganin ciwon, yanzu sai ta yi haƙuri ta ga maganin.

Abin bai zo da sauri ba. Humaira ta yi ta mita, wani lokaci ta manta, wani lokaci ta yi kamar ta manta. Gyale ɗaya ya yage da gaske. Amma kafin a gama yankan gero ciwon ya ragu ƙwarai, har tana wuni a kan hula ba ta ce wash ba.

Wata yamma Maijidda na tankaɗe, Humaira na jingine da bangon ɗaki tana zame hannuwa. Uwar ta lura ƙeyarta ba ta taɓa bangon ba, ta kakkaɓe hannu ta taso don ta gyara mata. Ta tsaya a gabanta, ta dafa mata kafaɗu ta tura baya a hankali.

"Miƙe sosai. Ɗago kanki."

Humaira ta ɗago. Maijidda ta buɗe baki za ta ƙara magana, sai ta ga dole ita ma ta ɗaga nata kan kafin ta sami idon 'yarta. Ta tsaya tana kallonta, hannuwanta masu gari suna kan kafaɗun.

"Inna, lafiya?"

"Lafiya lau," in ji Maijidda. "Ashe kin fi ni tsawo ban sani ba."