Warkin Maharazu

A shekarun da Nasara ya kafa turakun ƙarfe tsakanin Illela da Birnin Ƙonni, ya ce nan ƙasar Ingilishi ce, can ta Faransi, kokawar bayan kaka ba ta fasa ba. 'Yan Ƙonni suna zuwa kamar da, wasunsu ma a jikin turakun suke ɗaure jakuna.

Maccido ne Sarkin Kokawa na Illela. Ya yi zamaninsa a fage, ana kiransa Tozai da Darna, har ranar da abokinsa Maharazu ya kai shi ƙasa a gaban gari. Al'adar Illela ita ce, babban ɗan kokawa ba ya kwance warkinsa da hannunsa. Idan shekaru sun cim masa ya sha kaye, wanda ya kayar da shi ne zai kwance masa fatar, makaɗa su daina buga takensa, ya koma tabarmar dattawa. Maharazu ya kwance wa Maccido. Daga baya dattawa suka ba Maccido sandar sarautar.

Aikin sanda ya fi na fage gajiya. Shi zai nemo wa baƙi masauki da tuwo, shi zai raba makaɗa in sun yi faɗa, shi zai sa a zuba yashi. Babban aikin kuwa shi ne, idan baƙo ya zo ya miƙa hannuwa gaban ɗan gari, Sarki ke yanke magana. In ya ɗaga sanda, a tashi. In ya gitta ta a ƙasa gaban mutumin, sai ya zauna abinsa, babu kunya a kansa, domin ba shi ya ƙi ba.

Kaka bayan kaka Maccido yana gitta wa Maharazu sanda duk lokacin da ƙaƙƙarfa ya zo. Ya ga yadda gwiwar abokinsa ta hagu take rawa idan ya tashi daga sallah. Illela kuwa tana ta alfahari da mutumin da ba a taɓa kayarwa ba.

Da hantsin ranar da ake jiran 'yan Ƙonni, Maharazu ya tarar da Maccido a fage yana tsince ƙayoyi daga cikin yashi.

"Sarki, an tashi lahiya?"

"Lahiya lau, Bijimi. Ka zo taya ni tsinta?"

"Wannan aikin sarakai ne, ba na taɓawa. Yari, gwanin Ƙonni, na nan tahe, ka ji?"

"Na ji. Sun ce wuyanshi kamar turmi."

"In ya miƙo min hannu, kak ka gitta."

Maccido ya jefar da ƙayar da ke hannunsa. "Gwiwar fa?"

"Tawa ce ko taka?"

"Ta Illela ce."

"To Illela ta zo ta kwana da ita ta ji." Maharazu ya zauna a kan yashin a hankali, ya miƙe ƙafar. "Dube ni, Maccido. Gemu ya yi fari, ina yawo da fata a ƙugu. Ranar sunan ɗan Raliya, jikana ke nan, anka shimfiɗa ma dattawa tabarma, ni kuwa Hamidu makaɗi ya biyo ni da ganga har ƙofar gida. Kai ka sha kayenka ka huta. Ni na ba ka shi, ban yi maka rowa ba."

Bayan ya tafi, Maccido ya daɗe a tsugune. Duk shekarun nan yana cewa tausayi ne ke sa shi gitta sanda. Yanzu ya tambayi kansa ko wani irin riƙo ne, na hana wanda ya gama da kai ya gama nasa. Idan kuma ya ɗaga, mutane za su ce ramuwa ya jira. Ya tuna yashin da ya cika masa baki a ranar kayensa, ya duba zuciyarsa da kyau, bai iya rantsewa cewa babu wani lungu a cikinta da ke son ganin Maharazu a ƙasa ba. Dattawa kuwa sun ba shi sanda ne don gari ya yi nasara, kuma yadda suka ba shi haka za su iya karɓewa.

Da la'asar fage ya cika. Aka yi ta kokawa, nan a ci, can a ci. Sannan Yari ya miƙe, ya ratso fage ba gaggawa, ya tsaya gaban Maharazu ya miƙa hannuwa biyu.

Hamidu makaɗi ya sunkuyo kunnen Maccido. "Gitta, Sarki. Takenshi ya fi duk takena daɗi, kak ka kashe min shi."

Maharazu bai dubi Maccido ba, ƙasa yake kallo, daidai inda sandar ta saba sauka.

Maccido ya ɗaga ta.

Kokawar ta fi yadda ya zata tsawo. Maharazu ya san hannu, sau da yawa Yari ya kawo kamu ya sami iska. Har ya sa wa baƙon wata taɗiya da ta sa 'yan Ƙonni yin tsit. Amma Yari ya gane ƙafar da ake ɓoye masa, ya tura nauyinsa can. Gwiwar ta lanƙwashe, Maharazu ya tafi ƙasa.

'Yan Ƙonni suka kwashi Yari a kafaɗa suka nufi ɓangarensu. Su ba su da al'adar kwance warki, babu kuma wanda ya gaya musu. Maharazu na zaune a tsakiyar fage da fatarsa a ɗaure, Hamidu ya tsaya da makaɗin gangarsa a sama, bai san ko ya buga ba.

Maccido ya tashi ya ratsa fage. A bayansa wani ya ce, "Ya rama, kun gani." Bai waiga ba. Ya kutsa cikin baƙi, ya rusuna gaban Yari, yaron da a haife Maccido ya haife shi.

"Ɗana, ba ka gama aikinka ba."

Da aka yi masa bayani, Yari ya sauko, ya zo ya durƙusa. Ashe Maharazu ya ƙulle igiyar tam, sai da haƙora Yari ya kwance ta. Maccido ya tuɓe rigarsa ya sa wa abokinsa, ya ba shi kafaɗa suka nufi tabarmar dattawa. Fuskokin can a murtuke suke, amma wani tsoho ya matsa ya ba da wuri.

Maharazu ya zauna, ya tofar da yashi.

"Gaya min gaskiya, Sarki. Da na faɗi, ka ji daɗi?"

Maccido ya juya sandar a hannunsa. "Kaɗan."

"Ba laihi. Ni ma ranar taka na ji, kuma ba kaɗan ba."