Kashi Hamsin da Ɗaya

Ranar Litinin da hantsi ma'aikaciyar ofishin rajistar kamfanoni ta turo wa Mai Kujeru takardunsa ta ƙarƙashin gilashi, ko buɗe su ba ta yi ba.

"Bana ba ma karɓa daga hannun ɗan aike," ta ce. "Darakta za ta zo da ƙafarta, da katin shaidarta, ta sa hannu a gabana, ta dangwala yatsa."

Ɗan aike. Mutumin da ya shekara talatin da ɗaya a ƙasar nan yana feɗe tsofaffin kujeru, yana sake musu soso da yadi har yatsunsa suka yi kanta, wai shi ne ɗan aike. Ransa ya ɓaci.

"Kamfanina ne," ya ce. "Ginina ne. Ni na saya."

"A takarda kashi arba'in da tara gare ka. Hamsin da ɗaya na darakta ne. In ba ta zo ba zuwa sha biyun ranar Juma'a, za a soke rajistar, ginin kuma ya tafi gwanjo." Ta leƙa bayansa. "Na gaba."

Dokar ƙasar ce haka, kuma ba yau ya san ta ba. Baƙo ba ya sayen gini da sunansa, ko da zai shekara ɗari yana biyan haraji. Sai dai ya kafa kamfani, kamfanin ya saya, kuma dole ɗan ƙasa ne zai riƙe fiye da rabi, ya zama darakta. Mai Kujeru ya ga yadda 'yan ƙasar da ake hayar sunansu suka yi wa wasu baƙi tsirara da rana tsaka, shi ya sa ya yi haƙuri da zaman haya har 'yarsa tilo, wadda aka haifa a nan take da takardar ƙasar, ta cika sha takwas. Washegari ya kai ta wannan ofishin, ya nuna mata da yatsa, nan, da nan, da nan. Ta sa hannu tana duba agogo don tana da jarrabawa. Bai gaya mata abin da ta sa wa hannu ba, ita ma ba ta tambaya ba. A ganinsa sunanta ya ara, kuma ai shi ya raɗa mata sunan.

Matsalar ita ce shekara uku ke nan rabon da ya yi mata magana.

Karatun lauya ya tura ta, don a samu mutum ɗaya a gidan da zai iya kallon masu gilashin nan ido cikin ido. Ta yi shekara biyu, ta dawo ta ce ita kam ba za ta iya ba, kanta ciwo yake, ta samu aikin tuƙin bas na birni. Tuƙin bas fa. Ranar har maƙwabta sai da suka ji muryarsa. Ya ce ta fita, kuma kada ƙafarta ta sake taka masa matakala muddin yana numfashi. Ta kwashe kayanta, ta ajiye makullinta a kan teburin yanka yadi, ta fita. Shi kuma don haushi ya jefa makullin a kwata. Tun daga nan, duk shekara in lokacin sabunta rajista ya zo, sai ya zauna ya zana sa hannunta da kansa, ya kai. Ba wanda ya taɓa dubawa, sai bana.

Ginin ba wani abin a zo a gani ba ne. Shago a ƙasa, cike da ƙasusuwan kujeru da warin gam, ɗakuna uku a sama, tsakaninsu matakala goma sha tara masu tsayi. Matarsa tana sama, gwiwoyinta sun ƙi, rabonta da saukowa tun bara waccan. Abin da ya fi ci masa rai shi ne bas ɗin 'yar tasa ta ƙofar shagon take bi. Kullum da hantsi da kuma la'asar sai ta danna hon sau biyu, uwar tana zaune a taga tana ɗaga hannu. Shi kuwa sai ya ƙara ƙarfin guduma kamar kujerar ce ta yi masa laifi.

Da ya hau sama ya zube takardun a gaban matar, ya zazzage mata abin da ya faru, ya zagi dokar, ya zagi gilashin, ya zagi wanda ya ƙirƙiro dangwala yatsa. Ta bari sai da ya gaji.

"To sai ka kira ta," ta ce.

"Ke ki kira ta. Ai kullum kuna ƙus-ƙus a waya, kin zaci ban sani ba."

"Ba ni na kore ta ba, Malam. Bakin da ya kore ta shi zai kira ta."

"Gidan zai tafi. Kin ji ko? Titi za a sauke ki."

"Aƙalla in an sauke ni titi zan ga 'yata kusa," ta ce, ta juya fuskarta taga.

Ranar Talata ya je wurin lauya a kan a canja darakta. Lauyan ya ce abu ne mai sauƙi, takarda ɗaya ce, sai dai darakta mai ci ce za ta sa mata hannu. Saura kaɗan Mai Kujeru ya kifa masa tebur. Ranar Laraba ya wuni yana ɓarnar yadi, ya yanka na abokin ciniki a karkace har sau biyu. Ranar Alhamis da la'asar ya rufe shago, ya saka takardun a hammata, ya tsaya a wurin jiran bas da ke daidai ƙofarsa, yana jin idon matarsa a ƙeyarsa daga sama.

Bas ta tsaya, ƙofa ta buɗe. Ga ta nan a bayan sitiyari cikin rigar aiki, ta ɗan rame. Ta gan shi, hannunta ya tsaya a kan hon bai danna ba.

"Ina wuni, Baba."

Bai amsa ba. Ya biya kuɗin mota kamar kowa, ya buɗe baki zai fara, sai ta nuna masa rubutun da ke saman kanta, wanda ya hana magana da direba. Haka ya tsaya riƙe da ƙarfe, yana layi a kowace kwana, har ƙarshen hanya. Ya lura ba ta taka birki da garaje, tana jiran tsofaffi su zauna kafin ta ja. Wannan ma ya ba shi haushi, don ya so a ce ba ta iya ba.

A tasha, da motar ta zama wayam, ya miƙa mata takardun.

"Gobe kafin sha biyu za ki je ki sa hannu. Minti biyar ne."

Ta karɓa, ta jingina su da sitiyari, ta fara karantawa. Shafi ɗaya, shafi biyu, har da ƙananan rubutun ƙasa. Karatun shekara biyun da ya ce ta zubar a banza, ga shi yau ya ishe ta ta gane komai.

"Baba, ginin na kamfani ne."

"Na sani."

"Kamfanin kuma fiye da rabinsa nawa ne."

"Suna ne kawai. Dokarsu ce ta banza."

"Tun ina sha takwas." Ta ɗago, idonta ya kaɗa. "Wato ranar da ka ce in fita, daga gidana ka kore ni."

"Ke, ki iya bakinki. Ƙusa ɗaya kika taɓa bugawa a ginin nan?"

Ta ninke takardun, ta mayar masa. "Ina da aikin safe gobe," ta ce, ta tayar da mota.

Ranar Juma'a tun tara yana kan bencin ofishin. Goma ta yi, sha ɗaya ta yi. Ya tsine wa dokar, ya tsine wa taurin kan yarinyar, bai kuma yarda ya tambayi kansa inda ta gado shi ba. Tsoro ne ya kama shi, tsoron yadda za a sauko da matarsa matakala goma sha tara a kan kujera, maƙwabta suna kallo. Sha biyu saura kwata ta shigo da rigar aikinta, ko kallonsa ba ta yi ba, ta wuce gaban gilashi.

Ma'aikaciyar ta karɓi katin, ta jawo fayil, ta buɗe. Sai ta tsaya. Ta zaro takardu uku ta jera su kusa da katin.

"Waɗannan na shekaru ukun da suka wuce, ke kika sa musu hannu? Ba su yi kama da na katinki ba." Ta dubi Mai Kujeru, ta sake duban 'yar. "Ki yi tunani kafin ki amsa. In ba ke ba ce, fayil ɗin sashen bincike zai tafi, kuma baƙon da aka kama da jabun sa hannu takardar zamansa ake karɓewa."

Daga inda yake yana hango su. Manyan baƙaƙe a danne, har biro ya kusa huda takarda, irin hannun mai zana yadi da alli. Yaro ma ya san ba hannun mace mai karatu ba ne. Shekara talatin da ɗaya suna rataye a harshen yarinyar da ya kora.

Ta daɗe tana kallon takardun.

"Ni ce," ta ce. "A tsaye na yi su, ina sauri."

Ma'aikaciyar ta turo sabuwar takarda. Aka sa hannu, aka dangwala yatsa, hatimi ya sauka.

A waje, a bakin titi, ya gyara murya zai ce wani abu, shi kansa bai san mene ne ba. Ta riga shi.

"Ka sa na yi ƙarya a gaban hukuma, Baba. Sunana ka yi ta amfani da shi shekara uku, ni kuwa ko gaisuwata ba ka amsawa. Ban yafe wannan ba tukuna." Ta miƙo hannu. "Ba na son shagonka, ba na son ko ƙafar kujera. Makullin matakala za ka ba ni."

"Ni na ce ƙafarki ba za ta..."

"Ka faɗa. Baɗi ma war haka za a sake nemana a wannan ofishin, da wata baɗin. Makulli."

Ya zaro zoben makullansa. Yatsun da ke zare ƙusa daga katako ba tare da filaya ba suka kasa buɗe ɗan zoben nan, ya yi ta fama yana huci. Tana tsaye da hannu a buɗe, ba ta taimake shi ba. Da makullin ya fita daga zoben, ta karɓa, ta tsallaka titi.

Ya koma shago ta doguwar hanya. Yana shiga ya ji muryoyi a sama, kukan matarsa, sannan dariya, sannan kukan kuma. Ya ɗauki guduma ya yi ta bugu har la'asar. Bas ta zo ta wuce da wani direba, ba hon, sai ya tsinci kansa ya ɗago kai yana jira.

Da ya rufe shago ya zagayo ƙofar matakala, ya laluba zoben, sannan ya tuna. Makullin ɗaya ne ya rage a gidan, ɗayan shi da kansa ya jefa a kwata. Ya tsaya a ƙofar ginin da ya saya da guminsa, mutane suna wucewa ta bayansa, ransa a ɓace. Ya ɗaga hannu ya ƙwanƙwasa.

Ya ji takunta tana saukowa, ɗaya bayan ɗaya, ba ta sauri.