Haƙoran Raƙumin Hafiza

Zakiru ya taɓa abin da ba nasa ba, kuma ba wanda ya aike shi. Dillalin raƙuma ne a kasuwar Dakoro, mutumin kirki, amma idonsa ba ya barin dabba ta wuce bai duba ta ba.

Matarsa Hafiza tana wasan tseren raƙuma a tsohon ordinatur ɗinta, wato kwamfuta. Ranar Asabar da la'asar za ta kara da wata Aisata ta garin Tawa a wata gasa ta intanet. Tsere uku ne, wadda ta ci biyu ta shiga zagaye na gaba. Don wasan ya gudu sumul, sai ta rage kyan hoton gaba ɗaya, ta cire inuwa, ta sauke kaifin ekran, wato allon na'urar, zuwa 720. Raƙuminta ya fito kamar an sassaƙa shi da sabulu.

Wannan ya hana Zakiru sukuni. Da hantsi Hafiza tana gidan maƙwabta, ya shiga reglaj, inda ake saita wasan, ya tura kowane layi na kyan hoto zuwa ƙarshe. Sai ga gashi, ga tozo, ga leɓe yana motsi. Ya kusanto da bakin dabbar, ya gyaɗa kai, ya tashi abinsa.

A tseren farko raƙumin ya yi taku biyu ya daskare, ya yi tsalle, ya sake daskarewa. Fankar cikin na'urar tana ta kuka. Aisata ta wuce fit.

Hafiza ta juyo wajen Zakiru. "Baban Raliya, wa ya taɓa mini na'ura?"

"Ni dai haƙoransa na duba," in ji Zakiru.

"Haƙora?"

"Wa ke shiga tsere da raƙumin da bai san shekarunsa ba? Ɗan bakwai ne, kin yi dace."

"To dillali, ga ɗan bakwan naka ya tsaya yana jiran mai saye!"

Ta danne dariya, ta mayar da komai ƙasa. Amma na'urar ta riga ta yi zafi kamar murfin tukunya, kuma saura minti biyu a koma. Ta miƙa masa mafici.

Ya durƙusa yana fifita, zufa na zuba. Raƙumin sabulu ya miƙe da gudu. Ta ci na biyu, ta ci na uku da ƙyar, da tsawon wuya.

Mai taɓa kayan wani ba ya tafiya haka nan. Kowace Asabar har gasar ta ƙare, Zakiru ne mai fifita, bayansa ga ekran, an hana shi kallon raƙumin.