An Ba da Bature, An Karɓo Gola

Issoufou mutumin Damagaram ne, direban motar ruwa a Madina, amma ranar Juma'a bayan la'asar Koci ake ce masa. Shi ya haɗa ƙungiyar ƙwallon 'yan Harra ta Gabas, leburori da direbobi da masu aikin otal, suke buga gasar unguwanni a wani fili na haya can gefen Al-Ranuna. Shekara da shekaru ana lallasa su. Bana ne kawai abin ya miƙe, gasa ta kai rabi suna sama da kowa.

Ana nan sai kafilin Sagiru golansu, wato ubangidan da yake riƙe da takardunsa na aiki, ya ɗauke shi zuwa garin Yanbu. Ba rigima aka yi ba, aiki ne ya koma can. Sagiru ya kawo safar hannunsa ɗakin Issoufou ya ajiye, ya ce a yafe masa.

Suka sa wani dogon ɗan baya a raga, aka ce ai tsawo rabin aikin ne. Ƙwallo ta bi ta tsakanin ƙafafunsa. Mako na gaba suka gwada wani, shi kuma da an buga sai ya kare fuska. A wasan nan Bature, ɗan gabansu da duk gasar take tsoro, ya ci uku shi kaɗai, amma aka tashi huɗu da uku, su ne a ƙasa. Issoufou ya yi ta ihu a bakin fili har muryarsa ta dishe.

Dakta Abdulazeez, mai harhaɗa magani wanda ya ɗinka musu riguna yake kuma tsaya musu a wurin kwamitin gasa, ya ja shi gefe.

"Malam Issoufou, tulu mai huda muke ta ɗiba wa ruwa. Ka nemo gola."

"Daga ina, Dakta? Doka ta hana kawo baƙo tsakiyar gasa. Sai musanya, ita ma Alhamis za a rufe."

"'Yan unguwar Ƙurban suna da gola biyu. Ɗayan, Sabiru, zaune yake a benci yana cin gyaɗa."

Shugaban 'yan Ƙurban, Abdulmajid, haifaffen Madina ne, jikan Kanawa. Yana jin Hausa sarai, amma rabin amsarsa Larabci ce. Ya karɓi Issoufou a wani wurin shan shayi, ya zuba masa da hannunsa, ya saurare shi har ƙarshe.

"Sabiru? Mafi mushkila, ya ammi. Ka ba ni Bature."

Issoufou ya yi dariya, don ya ɗauka wasa ne. Ya ce zai ba da 'yan tsakiya biyu. Ya ƙara da ɗan gefe mai gudu kamar barewa. Abdulmajid yana ta girgiza kai yana kaɗa cokali a kofi.

"Kai ke neman haris, ba ni ba," ya ce. "Bature, ko mu sha shayi mu rabu lafiya."

Issoufou ya zaga sauran ƙungiyoyin. Wannan ya ce golansu ɗaya ne, wancan ya ce sai ya yi shawara, bai sake ɗaga waya ba. Kowa ya san halin da yake ciki, kuma ba wanda yake gaggawar taimakon na sama. Yana tuƙi yana zancen zuci, har ya wuce gidan da zai kai wa ruwa sai da mai gidan ya kira shi yana faɗa.

Ranar Alhamis da hantsi ya kira Dakta ya ce ya sanar da kwamiti ya yarda. Ya yi niyyar samun Bature da kansa idan ya tashi aiki, amma kafin azahar labari ya riga ya zaga Harra. Da yamma Bature ya same shi yana wanke mota.

"Kawu, a bakin mai aski na ji an ba da ni."

"Zauna in yi maka bayani."

"Ba sai na zauna ba. Da ka tambaye ni, wallahi da na tafi da kaina saboda ƙungiya. Amma ko akuya za a sayar, ai akan kalle ta."

Ya ajiye rigarsa mai lamba tara a kan tayar mota ya juya. Issoufou ya bi shi da ido.

Sabiru kuwa gola ne na gaske. Wasansa na farko ya tare duk abin da aka jefo masa, har da fenareti. Sai dai a gaba ba mai ci, aka tashi canjaras, babu ko ɗaya. Issoufou ya ce ba komai, a hankali 'yan gaba za su saba.

Ba a kai ga sabawar ba. Masu Umara suka cika gari, otal ɗin da Sabiru yake aiki ya sauya masa dawam, wato lokacin aiki, Juma'a tun daga azahar har isha yana ɗaukar jakunkunan baƙi. Ya roƙi mudirinsa, manajan otal ɗin, mudir ya ce ya zaɓa, aiki ko ƙwallo.

"Duk shekara haka ake yi mana, Koci," in ji Sabiru. "Na zaci Abdulmajid ya gaya maka."

Issoufou ya tafi Ƙurban wurin Abdulmajid ransa a ɓace.

"Ka san da wannan, ka yi shiru."

"Ba ka tambaya ba, ya ammi. Da ka tambaya da na faɗa. Yanzu kuwa halas, an rufe."

Ya kai ƙara wurin kwamiti. Suka tausaya masa ƙwarai, suka ce doka doka ce.

Wasannin da suka rage, Issoufou da kansa ya tsaya a raga, da furfurarsa da gwiwarsa mai ciwo. Ya tare abin da ya iya. Ranar da suka haɗu da Ƙurban, Bature bai ci ba, shi dai ya ba da ƙwallo biyun da aka zura, bai kuma yi murna ba. Da aka tashi ya zo ya gaida Issoufou a tsaye, gaisuwar mutanen da suka haɗu a layin burodi, ya wuce.

Harra ta ƙare a ta uku. Ba a ba na uku komai.

Suka kama hanyar komawa cikin motar Dakta. Sai da suka tsaya a danja Dakta ya ce, "Baɗi sai mu fara da gola biyu."

"Uku," in ji Issoufou yana murza wuyan hannunsa da ya kumbura. "Kuma kafin in tambayi mutum ko ya iya kamu, sai na fara sanin wane ne mudirinsa."