Manaja Ashafa da Ciwon Manya

Ni dai tunda nake ban taɓa ganin mutumin da ciwo ya yi wa kyau kamar Ashafa ba. Ranar da aka sallamo shi daga asibiti, wallahi sai ka ce daga Makka ya dawo.

Ashafa taubashina ne. Babansa da innata uwa ɗaya uba ɗaya suke, saboda haka tun muna yawo ba wando a ƙauyenmu can wajen Ringim nake zaginsa yana zagina, babu mai shiga tsakani. Al'ada ce ta ba mu, kowa na kiran ɗan'uwansa bawa. Tare muka shigo Kano, tare muka kama aiki a wata masaƙar bargo a Sharada. Ni Ɗahiru na tsaya a kan injin saƙa, har yau kunnena ɗaya ba ya ji sosai. Shi kuwa ya ɗan taɓa boko, ga iya russunawa, sai ya yi ta hawa. Da gwamnati ta ce a ba 'yan ƙasa manyan kujeru, masu kamfani suka duba suka ga babu wanda ya kai Ashafa iya cewa "to, ranka ya daɗe", suka naɗa shi manajan ma'aikata.

Daga nan fa ya yi sallama da tuwon dawa. Mu a bakin get muke cin dambu da ɗanwake wajen mata masu abinci, shi yana can kantin manya inda ake cin abinci da wuƙa a hannu kamar za a yi faɗa. Da safe burodi da bota da ƙwai, da rana naman gwangwani, da yamma direba ya tsaya wajen mai tsire a zaɓo masa mai kitse. Sigari kuwa wani na mutuwa wani na kamawa. Daga motarsa Fijo sai kujera, daga kujera sai Fijo. In mun haɗu sai in dubi tumbin in ce, "Bawa, yaushe ne haihuwar, mu fara tanadin rago?" Shi kuma ya ce, "Kauce mini, mayunwaci, kada iskar motata ta kwashe ka." Duk masaƙar ni kaɗai ke iya gaya masa haka, leburori su yi ta ƙunshe dariya.

A 1983, yana hawa bene zuwa ofis, ya dafe ƙirji ya zube. Aka kwashe shi sai asibiti. Likitan kamfani, Dakta Filibus, wani dogo mutumin Pankshin, ya ce kitse ne ya toshe jijiyoyin da ke ciyar da zuciya. Allah ya sa da sauran kwana.

To, nan fa abin ya zama abin ado. Ashe ciwon da ke damun mai kamfanin kansa ke nan! Leburori suka ce, "Ai ciwon manya ne, talaka ina ya ga kitsen da zai toshe masa wani abu?" Aka sauko masa da ofis ƙasa, aka sa sabon kafet. Yana da wata 'yar ƙwaya da ake sawa ƙarƙashin harshe, ba ya sa ta sai a tsakiyar taro, kowa ya yi tsit yana kallo. In 'yan ƙungiyar ƙwadago suka shigo da koke, sai ya ɗora hannu a ƙirji ya lumshe ido ya ce, "Ku bi ni a hankali," su fita da baya suna ba shi haƙuri. Mataimakinsa Lawal, wanda tumbinsa bai kai na Ashafa ba amma yana kan hanya, har sai da ya je wajen Dakta Filibus ya ce a duba shi da kyau ko shi ma yana da ɗan kaɗan. Da aka ce masa lafiyarsa lau, ranar bai yi wa kowa magana ba.

Wata Lahadi da rana sai ga Hajjo matar Ashafa a gidana, ta baro gidansu na Bompai a tasi ba tare da direba ba. Ko ruwa ba ta sha ba.

"Yaya Ɗahiru," ta ce, "akwai maganar da likita ya yi a gabana, maigidan ya hana a sake ta da ita."

Na ce ina jinta.

Ta ce ranar sallama Dakta Filibus ya ce jinin Alhaji ya yi ƙasa fiye da kima, kuma zuciya ba ta shan jini, dole akwai inda yake zuba. Ya ce irin cimar da ta toshe jijiyar, da sigarin, da yawan zaman, su ne dai suke ɓata hanji, saboda haka mai wannan ciwon ya kamata a duba masa wancan. Ya tambaye shi ko yana ganin jini in ya zaga. Alhaji ya ce a'a.

"Kuma ƙarya yake yi," in ji Hajjo, ta sunkuyar da kai. "Ni nake wanke masa ƙananan kaya."

"To me ya hana a duba?"

Ta ja mayafi ta rufe baki. Ashe dubawar da wani bututu mai fitila ake yi, kuma ta baya ake shigar da shi. Da Ashafa ya ji haka sai ya ce shi manaja ne, ba akuyar da za a sayar a kasuwa ba. Basir ne, wane namiji ne ba shi da basir?

"Ni ba zan iya yi masa wannan maganar sau biyu ba," ta ce. "Ƙannensa ba su isa ba. Kai kaɗai ne duk duniya za ka ambaci wurin nan a gabansa ka kwana lafiya."

Gaskiyarta. Washegari na shiga ofishin nasa na rufe ƙofa, na ce, "Ashafa, maganar bututun nan na zo yi. Ka je a leƙa ka." Ya dube ni, ya dubi ƙofa, sai ya fashe da dariya har da buga tebur.

"Bawa, yau kuma da wannan ka zo? Tumbin ya ishe ka, ka zagaya baya?"

"Ba wasa nake yi ba."

"Na sani. Kai ai ba ka taɓa wasa ba."

Na koma, na sake komawa. Na same shi a mota, na same shi bayan sallar Juma'a. Duk yadda na ɗaure fuska sai ya ce na ƙware, ya kamata a sa ni a wasan kwaikwayon talabijin. Haushi ya ishe ni kamar in shaƙe shi. Bakin da aka ba ni izinin faɗar komai da shi, shi ne bakin da ba a taɓa ɗaukar maganarsa da gaske ba.

Ana nan sai na fara ganin direbansa a wajen wani mai maganin basir da ke kafa lasifika a bakin get, yana karɓar ƙulli yana waige-waige. Tumbin Ashafa kuwa ya fara sacewa. Kowa ya yi ta yabo. "Kai, Manaja akwai bin dokar likita!" Mai kamfani har ya ba da misali da shi a taro. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa, idonsa ya yi fari fat, mutane na cewa ya koma saurayi. Ni da na san shi tun yana tsotsar yatsa, tsoro ne ya kama ni, tsoro na gaske.

Ran nan na tashi daga kan inji da rana tsaka, ko audugar da ke kaina ban karkaɗe ba. Na isa ƙofar ofishinsa na tuɓe takalmi. Na yi sallama, na shiga, na durƙusa a kan kafet ɗin nan.

"Ranku ya daɗe. Allah ya ƙara wa Manaja lafiya. Alfarma na zo nema."

Ya jingina da kujera yana murmushi, yana jiran inda zagin zai ɓullo. Ban ɗaga kai ba. Ya jira. Murmushin ya fara gushewa.

"Ɗahiru, mene ne haka? Tashi."

"Alhaji, ku taimaka ku je a duba ku. Don Allah, don darajar iyayenmu."

"Na ce ka tashi! Ba na so!"

"Ba zan tashi ba sai kun amsa."

Ya miƙe ya murɗa makullin ƙofa, ya dawo ya zauna a ƙasa kusa da ni, shi da babbar rigarsa. Tun da muka bar ƙauye rabon da mu zauna a ƙasa ɗaya. Ya ce, "Kai ma ka fara girmama ni? To lallai mutuwa zan yi." Sannan ya ce, "Tsoro nake ji, Ɗahiru. In zuciya ce, a ce Manaja ya sha aiki. In wannan ce, me za a ce?"

Na ce masa duk abin da za a ce, a ce yana raye.

Tare muka je. Aka leƙa, aka ɗauki hoto, aka yi gwaje-gwaje. Dakta Filibus bai yi wani kwana-kwana ba, ya ce ciwon daji ne a babban hanji, kuma ya riga ya taɓa hanta. Ya ce da an duba tun lokacin da ya fara magana, da wataƙila wani zancen ake yi. Aka yi aiki don a sauƙaƙa masa. A masaƙa kuwa aka sanar cewa an yi wa Manaja aikin zuciya.

Masu dubiya suka yi ta zuwa da lemo da madarar gwangwani. Kowa ya shigo sai ya ƙura wa ƙirjin ido, ya girgiza kai, ya ce, "Sannu, ranka ya daɗe, aikin kamfani ne ya ja." Ashafa ya ja bargo ya rufe ciki, ya ɗora hannu a ƙirji yadda ya saba. Lawal ya zo ya tsaya yana kallonsa da sha'awa, har ya tambaya ko ɗinkin zare nawa ne.

Bayan sun watse sai ya juyo gare ni. Ya rame har ƙashin kumatunsa ya fito.

"Kowa lallaɓa ni yake yi kamar ƙwai," ya ce. "Don Allah zage ni mana."

Na matso kusa da gadon. Da ƙyar na ce, "Bawa, ka haihu ba ka gayyace mu suna ba."

Ya yi dariya har ya riƙe ɗinkin, hawaye na bin kunnensa. Da ya huta ya ce, "Ina da saƙo. Na ga direban Lawal a wajen mai lasifika, ba sau ɗaya ba. Ka gaya wa Lawal. Ka gaya musu duka abin da ya ci ni. Amma ka bari sai na tafi, kafin nan ka bar ni da zuciyata."

Bai ga damina ba. Ranar sadakar uku aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa a Bompai, masaƙa gaba ɗaya ta zo. Bayan addu'a Lawal, wanda aka riga aka ba kujerar, ya yi jawabi, ya ce zuciyar Manaja ta ƙare ne a bautar kamfani. Jama'a suka ce Allahu akbar, mutuwar manya.

Na miƙe tsaye. Saƙo saƙo ne.

"Jama'a, ba zuciya ce ta kashe Ashafa ba. Ciwon dajin hanji ne. Jini ya daɗe yana zubar masa ta baya, ya ce basir ne, ya ƙi yarda a leƙa. Shi ya ce in gaya muku. Alhaji Lawal, ya ce musamman ku, ku je a duba ku."

Jama'a suka dubi juna. Sai wani dattijo daga baya ya ce, "Kai, Ɗahiru! Taubashi ke nan, ko a makoki ba zai ƙyale shi ba!"

Dariya ta ɓarke a kan tabarmin nan, har da masu share hawaye. Wasu na cewa Allah ya shirye ni, wasu na cewa ai marigayin da yana nan da ya rama. Lawal ya fi kowa dariya, tumbinsa na rawa, ya miƙo hannu ya ce mu tafa.

Na koma na zauna, hannunsa na nan a miƙe.